An Tura Yaya Ya Tsare Ni, Shi Ya Ɓige Da Rawa

Gwaggo mai shafi, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin abin nan ya hana ni sakat. Ni da ake kira Rediyo a gida saboda bakina ba ya hutawa, yau ga ni da saƙo ɗaya tak na kasa furta shi. Yayana ne ya ba ni in kai wa mahaifiyarmu, ni kuma ina ta juya shi, ko in kai shi yadda yake ko in rage masa zafi a hanya. Bari in faro miki daga tushe. Ki yi haƙuri da surutuna, haka Allah ya yi ni.

Mu biyu ne a wurin Mama, ni da Yaya. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama. Yaya kurma ne, a haka aka haife shi, bai taɓa jin muryar kowa ba. Ya ba talatin baya, mai gyaran wutar lantarki ne, kuma in kin ga yadda yake jera waya a bango sai kin so ki ɗauki hoto. Maganar hannu a makarantar kurame ya koye ta, ni kuma na tsince ta a wurinsa tun ina rarrafe, har Mama tana cewa hannuna ya riga bakina iya magana, abin da duk wanda ya san ni ba ya yarda da shi. Ita Mama ba ta iya sosai ba. Abin da ta iya bai wuce zo, tafi, ci abinci, kwanta, sai kuma kar ka yi, wanda shi ta fi ƙwarewa a kai. Duk wata doguwar magana a tsakaninsu ta kaina take bi. Asibiti ni, cinikin aiki ni, in sun yi faɗa ma ni ce a tsakiya, in juya nan in yi baki, in juya can in yi hannu, wani lokaci in rikice in yi wa Mama hannu in yi wa Yaya ihu.

Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori. Akwai abokiyar aikinmu da muke kira Madam Allura, don ita ke kashe wa mutane dasashi kafin a cire haƙori. Ta sami canjin aiki zuwa wani gari, sai ta ce liyafar bankwanarta a gidan rawa za a yi. Ba ɗakin taro irin na biki ba, Gwaggo, gidan rawa na gaske, mai ƙato a bakin ƙofa da fitilu masu juyawa. Ni ban taɓa shiga ba, kuma ina so in gani da idona. Na faɗa wa Mama gaskiya, ta ce ba inda za ni. Na yi ta naci, na yi wanke-wanke ba a sa ni ba, na matsa mata ƙafa, na yaba girkinta har abin ya fara ba ta tsoro. Da ta gaji sai ta zo da wata dabara da take ganin ba wanda ya taɓa yin irinta: in tafi, amma tare da Yaya. Hujjarta ita ce duk wanda za a haɗa ni da shi kiɗa zai iya ɗauke masa hankali, ban da Yaya. Shi kiɗa bai san da zamansa ba. Zai zauna ya zuba min ido, da ya ga dare ya fara yi ya tasa ƙeyata zuwa gida.

Da hannuna na fassara masa wannan umarni, ya kuwa karɓi muƙamin hannu bibbiyu. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa neman kwangila, ya ɗaure fuska tamau. A cikin tasi ya gargaɗe ni cewa in na yi nisa da shi ko na karɓi abin sha a hannun wanda ban sani ba, zai kawo rahotona. Na tuna masa cewa rahoton ma ta bakina zai bi, ya harare ni.

Wurin a ƙasan wani bene yake, sai an sauka matakala. Ƙofa biyu ce. Da aka buɗe ta biyun, kiɗan ya doke mu kamar an watsa mana ruwa. Ni na toshe kunne. Yaya kuwa ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ido ya fito. Ya ce min zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, mu tafi asibiti yanzu. Wayyo, hankalina ya tashi, na ruga na jawo Madam Allura daga cikin mutane da hular takarda a kanta. A nan bakin ƙofa ta riƙe masa hannu tana kallon agogo, ta ce lafiyarsa ƙalau, bugun jininsa ya fi nata kyau. Sai a lokacin na lura cewa ni ma ƙirjina haka yake yi, kofunan da ke kan tebur ma rawa suke yi. Na fashe da dariya har da riƙe ciki, shi kuma yana kallona kamar zai mare ni. Na yi masa alamar kiɗa. Ya ce ƙarya nake yi, kiɗa abin kunne ne, me ya kawo shi ƙirji? Ya san girgizar janareta, ya san ta babbar mota in ta wuce, amma wannan mai zuwa tana dawowa a kan tsari bai san ta ba, don Mama ba ta taɓa kai shi kusa da inda ake kiɗa ba, tana ganin ɓata masa lokaci ne. Sai na kama hannunsa na ɗora a bango. Daga nan na ja shi gaban wata lasifika da ta fi ni tsawo na ɗora tafinsa a jikinta.

Gwaggo, na san fuskar Yaya fiye da tawa, karanta ta shi ne aikina tun ina yarinya, amma fuskar da ya yi a wurin nan ban taɓa ganinta ba. Ya daɗe a tsaye. Can sai ya sunkuya ya cire takalmi, ya taka ƙasa da safa don ya ji da kyau. Ya tsinko balan-balan ɗaya daga na liyafar ya rungume, ya ce a cikinsa ƙananan bugun ma suna fitowa. Kafaɗa ɗaya ta fara motsi, ɗayar ta bi. Kafin in ankara ya tuɓe kwat ya miƙo min, ya haɗa min da takalmin. Ni da aka zo tsarewa na koma mai riƙon kaya.

Ya yi rawa, Gwaggo. Ba irin ta a tausaya a tafa masa ba, rawa ta gaske, ƙafarsa ba ta kuskure bugu ko ɗaya. Mutane suka buɗe masa fili suna ihu. Likitanmu, wanda ko murmushi sai an roƙe shi, ya shiga yana kwaikwayonsa yana tuntuɓe. Daga baya Yaya ya gaya min cewa duk tsawon rayuwarsa in ya ga ana rawa a talabijin, zato yake kowa tsallen gabansa yake yi, har yana ɗan tausaya mana a ransa amma ya yi shiru don kada mu ji kunya. Bai san akwai wani abu guda da duka ake bi tare ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, in ban da abokan aikina ba wanda ya san kurma ne. Ba wanda ya karkata kai ya ce Allah sarki.

Ƙishirwa ta kama mu, na je teburin da ake sayar da abin sha in saya mana lemo kamar yadda na saba yi masa komai. Na yi ihu, na sake ihu, mai sayarwa yana ta miƙo kunne yana girgiza kai, ƙarshe ya ajiye min ruwa da gyaɗa. Yaya ya ture ni gefe a hankali, ya nuna kwalba, ya ɗaga yatsu, ya yi alamar sanyi, nan take lemo ya zo har da ƙanƙara. Ya waiwaya ya dubi ɗakin, kowa yana wa ɗan'uwansa nuni da hannu da gira don ba a jin magana, ya ce min ashe nan duk kurame ne, sai dai ba su yi makaranta ba. Na yi dariya har lemon ya sarƙe ni.

To, ga inda matsalar ta samo asali. A gefen mai sa kiɗa akwai wani mutum a kan ɗan dandamali, shi ke sarrafa fitilun wurin da wata na'ura mai maɓallai. Kin san mai gyaran wuta da fitila. Yaya ya hau ya tsaya yana leƙe. Na bi shi da gudu in yi tafinta, sai ya ɗaga min hannu ya ce in tsaya a inda nake. Ni! Na tsaya a ƙasa rungume da kwat ina kallon su suna nuna wa juna maɓalli, suna rubutu a waya, suna tafawa. Can mai fitilun ya matsa ya ba shi wuri. Yaya ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon dandamalin, yatsunsa a kan na'ura, fitilu suka shiga sauka tare da kiɗan, ja, shuɗi, fari, ɗakin ya ɗauki ihu. Na ji daɗi har na yi hawaye. Amma a ƙarƙashin daɗin akwai wani abu mai ɗaci da ban so in kira sunansa ba. Bari dai in kira, tunda ba ki san ni ba: haushi na ji da ba a neme ni ba.

Ƙarshe ni na tasa ƙeyarsa zuwa gida, da ƙyar, yana roƙon a bar shi ya ƙara kaɗan. Mun tarar da Mama a falo ba ta kwanta ba. Ta dubi Yaya, riga sharkaf da gumi, ƙafa tana ɗingishi, ta dube ni tsaf ko kwalliyata ba ta goge ba, nan take ta yanke hukunci cewa wahalar fito da ni ce ta jiƙa mata ɗa. Ta wanke ni tas. Ta haɗa masa shayi mai kauri da hannunta. Ya zauna yana sha da fuskar salihai, yana kashe min ido ta saman kofi. Har yau tana ba maƙwabciyarmu labarin dabararta, tana cewa duk mai ɗiya mai rawar kai ta nemi irin Yaya.

Tun ranar Yaya ya canza. Yana guga yana kaɗa kafaɗa. Ya koma wurin da abokansa na makaranta, Mama tana zaton kallon ƙwallo suka je. Yanzu mai fitilun ya ce yana neman mataimaki na daren ƙarshen mako, zai koya masa aikin gaba ɗaya, kuma da albashi. Yaya yana so kamar ransa. Amma ya ce ba zai yi a ɓoye ba, shi ba yaro ba ne, zai zauna da Mama ƙarshen makon nan ya faɗa mata da kansa. Da kansa ɗin nan kuwa, kin gane, ni ke nan.

Ya gwada saƙon a gabana. Zai ce mata zai karɓi aikin, ba izini yake nema ba, albarka yake nema. Zai ce ya gaji da riƙon da ake masa kamar ƙwai. Zai ce daren nan ne karo na farko da ya shiga taro ba a tausaya masa ba. Zai ce yana sonta, kuma ya san ta sha wahala a kansa. Sannan ya sa na yi alkawari zan faɗa duka, ya ƙara da zolayar cewa ya daɗe da lura wani lokaci hannunsa yana yin tsawo, bakina kuma ya yi gajere.

Gwaggo, Mama tana da hawan jini. In ta ji kalmar gidan rawa a haɗe da sunan ɗanta, ban san me zai faru ba, kuma laifin a kaina zai sauka tunda ni na ja shi can. Zan iya cewa aikin fitilu ya samu a wani ɗakin taro, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Zan iya tsallake maganar ƙwai da ta izini in bar ta albarka da soyayya. Shi ba ya jin abin da nake faɗa, ita ba ta gane abin da yake nunawa, ba wanda zai kama ni. Kuma tsoron da Mama za ta ji ni ma ina da shi. Mutumin da ba ya jin hon ɗin mota zai riƙa dawowa cikin dare. In faɗa ya ɓarke a bayansa ba zai sani ba sai abu ya same shi. Ana shan giya a wurin, kuma na ga wasu fuskoki da ban yarda da su ba. Sai dai in na tuna yadda ya tsaya da safa rungume da balan-balan, sai in ji ba ni da hurumin rage masa ko harafi. Kuma wallahi na kasa bambance ko shi nake ji wa tsoro, ko kujerata ta tafinta nake karewa.

Me zan yi? In kai saƙon yadda yake in tayar wa Mama da hankali, ko in gyara shi a zauna lafiya?

Taki,
Rediyo, ƙanwar Yaya

*

'Yata Rediyo,

Kin sa ni dariya ni kaɗai a ofis har aka leƙo a ga ko lafiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, dabararta ta yi aiki, sai dai ba a kan wanda ta nufa ba.

Amsar tambayarki gajeriya ce: ki kai saƙon yadda yake. Ba naki ba ne, amana ce aka ba ki ki ɗauka daga hannu zuwa kunne. In kika gyara shi, mutum biyu kika zalunta lokaci guda. Yaya zai tashi yana zaton ya faɗi abin da ke ransa alhali bai faɗa ba, Mama kuma za ta sa albarka a kan abin da ba ta sani ba. Kuma kada ki ruɗi kanki cewa ba za a kama ki ba. Mutumin da ya rayu yana karanta fuska zai ga cewa fuskar Mama ba ta yi daidai da nauyin abin da ya faɗa ba. Ko shi bai gani ba, wata rana ɗan maƙwabta zai gan shi a kan dandamalin nan, labari ya iso gida ta hanyar da ba ki zaɓa ba. Ranar jininta zai fi hawa, kuma daga ranar ba ɗayansu da zai sake yarda da abin da ya bi ta kanki.

Amma kada ku shiga wurin Mama kamar masu zuwa kayar da ita. Tsoronta ba shirme ba ne. Matar da ta raini ɗa kurma ita kaɗai ta yi shekaru tana ji masa hon, tana ji masa ihun a kauce, kunnenta bai taɓa hutawa ba. Ba a ce wa irin wannan uwa ta saki jiki a zama ɗaya. Ni ma ba zan ce miki gidan rawa wurin alheri ne zalla ba. Akwai giya, akwai masu zuwa da wata manufa, akwai dare. Abin da zan ce shi ne mutumin da ya wuce talatin, mai sana'a a hannu, wanda ya ƙi yin abu a ɓoye ya zaɓi ya fuskanci mahaifiyarsa, ya nuna hankalin da za a bar shi ya auna wa kansa. Ya kuma sami abin da mutane da yawa masu kunne biyu ba su samu ba, aikin da yake sa shi farin ciki.

Don haka kafin ranar, ki zauna da Yaya ku biyu, ki zazzage masa duk tsoronki kamar yadda kika zazzage min. Kada ya fara jin su a gaban Mama. Ya je wa mai fitilun da tambayoyi. Da me zai riƙa dawowa gida, kuma da wa? In gobara ta tashi ko rikici ya ɓarke, wa aka ɗora wa alhakin taɓa shi, ko akwai fitilar gargaɗi da zai gani daga inda yake tsaye? Yaushe zai yi barci? Wannan ta ƙarshe ta fi damuna fiye da giyar, domin mai taɓa wayar wuta da rana bai kamata ya je aiki da gyangyaɗi ba. In ya zo wa Mama da amsoshin nan a hannu, ya kuma ce zai gwada na wata ɗaya a gani, ya rage mata rabin fargaba. Maganar ba izini yake nema ba kuwa, in kina ganin ta yi kaifi, ki faɗa masa tun yanzu. In ya sassauta ta, shi ya sassauta. In ya ce a bar ta, ki faɗe ta yadda take.

Ku zaɓi rana, ba dare ba, bayan ta ci abinci ta sha maganinta. Ki fara da naki laifin, ƙarami ne kuma abin dariya: ki gaya mata wanda ya yi rawa a daren nan da wanda ya riƙe kwat. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi dariya daga baya, ke dai ki shanye. Ba ke kika ja shi can ba, ita ta tura shi, amma ba ranar tuna mata wannan ba ce.

Ga wata dabara da nake so ki riƙe. Ki ajiye kujera biyu. In kina fassara, ki zauna kusa da Yaya, ki ce "ni" a inda ya ce ni, kada ki ce wai ya ce. Mama ta dube shi, ba ke ba. Duk abin da ta mayar, mai daɗi da mai zafi, ki ba shi cikakke, domin shi ma yana da haƙƙin ya san fushin uwarsa da tsoronta yadda suke. In kina da naki ra'ayin, kuma kina da haƙƙinsa, ke ma 'yar gidan ce, sai ki tashi ki koma ɗaya kujerar, ki faɗa da baki da hannu lokaci guda kowa ya san Rediyo ce ke magana yanzu. Abin da ba na so shi ne ki cusa ra'ayinki a cikin jimlarsa.

Haushin da kika ji kuwa, kada ki tsani kanki a kansa. Tun kina ƙarama aka ɗora miki aikin manya, kika yi shi da kyau, har kika ɗauka shi ne matsayinki a gidan. Yaya zai ci gaba da bukatar ƙanwa ko ranar da bai bukaci tafinta ba. Na kuma lura da wani abu a wasiƙarki: kin yi ta naci sai kin je liyafa, kika je, kika ƙare da riƙon takalmi. Ke yaushe za ki yi taki rawar? Lokacin da zai rage miki, ki nemi abin da za ki yi wa kanki da shi. In za ki sake raka shi can, ki toshe kunnenki da abin toshewa, ke kina da abin da za ki rasa.

Sannan ku fara koya wa Mama maganar hannu, kalma ɗaya a rana ma ta isa, kuma Yaya ne zai koyar, ba ke ba. Ba ta tsufa da koyo ba. Ku fara da kalmomin da ba umarni ba.

Ban yi miki alkawarin za ta amince a ranar ba. Tana iya tashi ta shige ɗaki, tana iya kwana biyu ba ta kula ku. Ku ba ta lokaci, ita ma sabon abu aka kawo mata. Amma in ya kai wurin da yake cewa ya san wahalar da ta sha a kansa, kika ga ta daina kallonki ta koma kallonsa, idonta ya kawo ruwa, to ki sauke hannunki, ki rufe bakinki. Ki tashi a hankali ki shiga kicin ki ɗora ruwan zafi, kuma kada ki yi saurin dawowa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa Mama rai, ya tsare Yaya a fitarsa da dawowarsa. Ki gaishe min da shi da hannu biyu.

Gwaggonku